A cire facin Meltdown da Spectre daga tsofaffin kwamfutoci ko a bar shi?

Sali Mai Sibar (Garwa): Salamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Kwamfutoci tara gare ni a shagona na sibar, wato shagon intanet, a Yelwa: biyar Dell OptiPlex 780 masu Core 2 Duo E8400, uku ThinkPad T420, sai HP EliteBook 840 G1 guda ɗaya da nake aikin kaina da ita. Tun da zafin nan ya kama nauyinsu ya ishe ni. Yaro zai zo cike takardar konkur, wato jarrabawar gasa, ya biya kuɗin awa guda, rabin lokacin ya ƙare a kallon zoben nan da ke juyawa. Jiya wani ya miƙe ya ce in mayar masa da kuɗinsa, na kuwa mayar, don gaskiyarsa ce. To wani yaro da ke zama wurina ya ce akwai facin da aka ɗinka wa Windows da Linux tun 2018, shi ke cinye ƙarfin tsofaffin injuna, wai in an cire shi sai su koma kamar sababbi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina illarsa?

Kawu Hamadu: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga faci, yaushe rabonka da ka kwance su ka hure ƙura?

Sali Mai Sibar (Garwa): Kawu, tun kafin azumin bara.

Kawu Hamadu: To.

Umaru (Dang): Yaya Sali, yaron nan bai yi ƙarya ba. A Linux layi ɗaya ne tak. Ka buɗe /etc/default/grub, ka ƙara mitigations=off a layin da ke da quiet splash, ka buga update-grub, ka sake kunnawa, shi ke nan. Tun Linux 5.2 a 2019 aka saka wannan makunnin, su masu Linux ɗin da kansu suka saka shi. A Windows kuma akwai 'yar manhaja InSpectre ta Steve Gibson, maɓalli biyu ne a cikinta, ka danna ka huta. Tawa T430 shekara biyu ke nan haka take, ba abin da ya same ni. Intel ya yi kuskure a masana'antarsa, mu masu injin gwanjo aka ɗora wa nauyin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malama Dija (Marwa): Umaru, sannu da gaggawa. Ka miƙa wa mutum wuƙa ba ka gaya masa abin da zai yanka ba. Malam Sali, bari in fara da abin da aka yi facin dominsa, sai ka yanke hukunci da idonka biyu.

Ka san mai shayi wanda ya san kwastomominsa. Yana hango ka daga bakin titi zai fasa ƙwai biyu ya zuba a kasko, don kullum abin da kake ci ke nan. In ya canka daidai, kana zama an ajiye maka. In yau shayi kawai kake so, sai ya kawar da ƙwan, kamar ba a yi ba. Furosesa, wato abin da ke yi wa kwamfuta lissafi, haka take yi tun tsakiyar shekarun 1990: ba ta jiran a tabbatar mata da hanyar da aiki zai bi, sai ta yi hasashe ta wuce gaba. In hasashen bai yi ba ta zubar da sakamakon. Saurin da kuke gani, kaso babba daga nan yake fitowa.

Matsalar ita ce an kawar da ƙwan, amma kaskon yana nan da zafi. Wanda ya taɓa shi zai san an soya wani abu. A cikin furosesa, kaskon shi ne kash, 'yar ma'ajiyar da ke kusa da ita. Abin da aka taɓa kwanan nan yana fitowa da sauri, wanda ba a taɓa ba yana ɗan jinkiri. Mai agogo mai kyau zai iya auna bambancin.

Harin Meltdown ya yi amfani da wannan ne kamar haka. Manhaja ta nemi karanta wani wuri a cikin sirrin kanel, wato zuciyar babbar manhajar irin su Windows ko Linux, inda ba ta da izini. Furosesar Intel takan ɗauko abin tukuna, ta yi aiki da shi na ƙiftawar ido, sannan binciken izini ya iso ya ce a soke. An soke, amma kafin nan ɓarawon ya sa an yi amfani da lambar da aka ɗauko wajen zaɓen tukunya ɗaya cikin 256 an taɓa ta. Sai ya bi tukwanen yana dubawa wacce ce ke da ɗumi. Ya samu harafi ɗaya. Ya maimaita sau dubbai, ya kwashe kalmar sirri da makullai.

Spectre kuma ya fi wayo. Shi mai shayin ake horarwa: ka zo sau ɗari kana cin ƙwai har ya saba, rana ta ɗari da ɗaya ka sa shi ya soya abin da ba naka ba. Shi ya sa ya shafi Intel da AMD da ARM gaba ɗaya, Meltdown kuwa Intel ya fi kamawa, na AMD sun tsira daga shi. Ranar 3 ga Janairun 2018 aka bayyana su. Jann Horn na Google yana cikin waɗanda suka gano, da masu bincike na jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya, da Paul Kocher.

Hajiya Asabe: Malama Allah ya ƙara sani. Ni dai ƙwan na gane. To shi facin me ya yi wa mai shayin?

Malama Dija (Marwa): Hajiya, na Meltdown cewa aka yi a raba zaure da turaka. Da can taswirar sirrin kanel tana cikin taswirar kowace manhaja, an dai rubuta "ba a shiga". Da aka ga rubutun ba ya hana leƙe, sai aka cire turakar daga taswirar baki ɗaya. A Linux sunan abin KPTI, ya shiga a 4.15, a Windows kuma KVA Shadow. Kuɗin da ake biya shi ne duk sanda manhaja ta nemi wani abu wurin kanel, karanta fayil ne, aika saƙo ta intanet ne, sai an sauya taswira, an gama a sake sauyawa. Furosesa tana da ɗan littafin da take rubuta adireshin da ta saba zuwa, ana ce masa TLB, kuma a tsohuwar furosesa kowace sauyawa sai an goge littafin nan an fara daga farko.

Nan ne tsufa ke shigowa. Akwai dabarar PCID da ke sa wa kowane shafi alama don kada a goge. Ta zo da zubin furosesar Intel mai suna Westmere a 2010. Ƙanwarta INVPCID ta zo da zubin Haswell a 2013, kuma Windows ba ya morar ta farkon sai in akwai ta biyun. Malam Sali, ka duba injunanka: EliteBook ɗin Haswell ce, tana da duka biyu. T420 Sandy Bridge ce ta 2011, tana da ta farko kawai, Linux zai amfana da ita, Windows ba zai amfana ba. E8400 kuwa ta 2008 ce, ba ta da ko ɗaya.

Umaru (Dang): Ka ji ko? Malama da bakinta ta tabbatar. Kuma Microsoft ma bai ɓoye ba. Terry Myerson, wanda ke shugabantar sashen Windows a lokacin, ya rubuta a Janairun 2018 cewa masu Windows 10 a kan Skylake, wato zubi na shida, zuwa sama da ƙyar za su lura, masu Haswell zuwa ƙasa wasu za su lura, masu Windows 7 da 8 a tsohon inji kuwa yawancinsu za su ji a jikinsu. Dalili har da cewa Windows 7 a cikin kanel yake zana haruffa, kowane rubutu sai an shiga turakar Malama an fito.

Malama Dija (Marwa): Ban musa akwai nauyi ba, ɗana. Abin da nake musu shi ne "kamar sababbi".

Alhaji Ɗanladi: Salamu alaikum. Masu wahala da tsofaffi, kaya sun iso daga Duwala, akwai i5 zubi na takwas masu ɗaukar Windows 11, batir lafiya. A same ni ta gefe.

Abakar (Kusiri): Alhaji, ranar talla Asabar ce a zauren nan, kai ka kawo dokar.

Alhaji Ɗanladi: Taimako ne Abakar, ba talla ba.

Abakar (Kusiri): Allah ya ba da ladan taimako. Zubi na takwas ɗin ma bai tsira ba, wani hari irinsu mai suna Retbleed na 2022 ya kama Intel zubi na 6 zuwa na 8, Downfall na Agustan 2023 ya kama na 6 zuwa na 11.

Ni abin da nake so Umaru ya amsa mini shi ne: lambar wa, wato manhajar wa, ke gudana a kan injin? Duk muhawarar nan a kan wannan take. Waɗannan hare-haren ba daga nesa ake jefo su ba kamar cutar kwamfutar nan WannaCry ta 2017. Sai maharin ya samu abinsa yana gudana a kan furosesarka. Ofishin da nake wa aiki a Njamena muna da saba guda, wato babbar kwamfutar da mutane da yawa ke aiki a kanta, da muka yanka gida-gida, sashen kuɗi na da nasa, sashen ma'aikata na da nasa, akwai wanda muka ba 'yan koyon aiki suna wasa da shi. A irin wannan wurin ko da wasa ba zan kashe kariya ba, don Foreshadow na Agustan 2018 da ZombieLoad na Mayun 2019 abin da suka nuna ke nan, maƙwabci na iya leƙa maƙwabci ta cikin furosesa ɗaya. Amma akwai wata tsohuwar kwamfuta a gida da ƙanena ke haɗa bidiyon biki da ita, ba ta taɓa ganin intanet ba. Wannan ni da hannuna na kashe mata.

Umaru (Dang): To ai magana ta ke nan. Yaya Sali ba saba gare shi ba.

Abakar (Kusiri): A'a. Sibar ta fi kama da saba a kan kwamfutar ɗakinka. Kai kaɗai ke taɓa T430 ɗinka. Shi kuwa mutum ashirin ne za su zauna a kujera ɗaya a yini, wannan ya buɗe imel, wancan ya shiga asusun kuɗinsa, wani ya sauke wasa daga shafin da ko sunansa ba ya karantuwa. Kuma kowane shafin intanet da ka buɗe lambar wani ce ke gudana a injinka, JavaScript ke nan. A Maris 2021 Google ya fitar da shafin gwaji, leaky.page, ya nuna ana iya tsotse bayanai da Spectre daga cikin Chrome, kusan kilobayit ɗaya a daƙiƙa a kan Skylake. Kilobayit ɗaya ba komai ba ne wajen bidiyo, amma kalmar sirri harafi nawa ce?

Umaru (Dang): Gwajin ɗakin bincike. Yaya Abakar, don Allah ka nuna mini mutum ɗaya daga Ngaundere zuwa Njamena da aka sace wa sefa biyar ta hanyar Spectre. Waɗanda na sani an kwashe musu kuɗi, kiran waya aka yi musu aka ce sun ci kyauta su faɗi lambar sirri, suka faɗa. Ɓarawon da ƙofa ke buɗe masa ba ya haƙa rami.

Abakar (Kusiri): Ba zan iya nuna maka ba. Amma ka sani irin wannan harin ba ya barin sawu a rajistar inji, karatu kawai yake yi, ba ya fasa komai. Wanda aka yi wa ma ba zai sani ba.

Umaru (Dang): Haka ake cewa game da aljanu.

Malama Dija (Marwa): Kai Umaru! Amma a nan yana da 'yar gaskiya, Abakar. Sannan irin Spectre ɗin da ke cikin burawza, ba facin kanel ne babban mai tare shi ba, burawzar ce da kanta. Tun Janairun 2018 suka dusashe agogon da JavaScript ke gani don kada ya iya auna ɗumin kasko. Chrome 67 ya raba kowane shafi da ɗakinsa, Google ya ce hakan na ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Firefox ya bi sahu a ƙarshen 2021. Wannan kuwa mitigations=off ba ya taɓa shi. Don haka in nauyin da Malam Sali ke gani na burawza ne a inji mai RAM kaɗan, ko ya kashe facin nauyin na nan. Malam Sali, RAM nawa ne a Dell ɗin, kuma wace Windows ce?

Sali Mai Sibar (Garwa): Giga biyu-biyu, ɗaya giga huɗu. Windows 7 ce a kan biyar ɗin. T420 ɗin Windows 10.

Malama Dija (Marwa): Innalillahi. Windows 7 kake ba mutane suna shiga asusunsu? Tun 14 ga Janairun 2020 aka daina mata faci. Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta. Windows 10 ma an rufe ta ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Muna nan muna gardama a kan tagar bayan gida, ashe katangar gaba ce ta faɗi.

Sali Mai Sibar (Garwa): Malama ki yi mini a hankali. Firintata tsohuwa ce, da Windows 7 ta saba. Kuma mizajur ɗin nan, wato sabuntawa, data yake ci kamar ba gobe, tun farkon 2018 na rufe shi a kan Dell ɗin ban sake buɗewa ba.

Abakar (Kusiri): Tsaya. Wane wata a 2018?

Sali Mai Sibar (Garwa): Ban riƙe ba wallahi. Lokacin sanyi ne dai.

Abakar (Kusiri): Ka duba tarihin sabuntawa yau ɗin nan. Facin Meltdown da aka fitar wa Windows 7 mai bit 64 a Janairu da Fabrairun 2018 gyaran gangar Auzinawa ne. Maimakon ya rufe turakar, sai ya bar taswirar ƙwaƙwalwar gaba ɗaya a buɗe, kowace manhaja na iya karantawa har ma ta rubuta, ba sai ta yi dabarar kasko ba. Wani ɗan Suwidin, Ulf Frisk, ya gano shi, aka sa masa suna Total Meltdown, aka gyara a Maris na shekarar. In ka tsaya a Janairu ko Fabrairu, to shekarun nan duka a cikin ramin kake.

Umaru (Dang): Kun gani? Facin da kuke karewa ke nan. Kuma ba shi kaɗai ba. A watan Janairun nan maikrokod ɗin da Intel ya fitar ya riƙa sa injunan Haswell da Broadwell suna kashe kansu suna kunnawa, har ranar 22 ga wata kamfanin ya ce a dakata da shi. Facin Windows kuma ya hana wasu tsofaffin AMD tashi gaba ɗaya.

Malama Dija (Marwa): An yi haka, an kuma gyara cikin makonni. Wanda ke karɓar sabuntawa ya wuce wurin tuntuni. Wanda ya rufe ne abin ya zauna masa.

Hajiya Asabe: Ku dakata mini, mene ne kuma maikrokod? Ni sakatariyata kwamfuta biyu ce, irin Dell ɗin Malam Sali, buga takardu da fotokofi kawai muke yi.

Malama Dija (Marwa): Hajiya, 'yar manhaja ce da ke cikin furosesar kanta, ita ke gaya mata yadda za ta aiwatar da wasu umarni. Ba ta zama dindindin, duk kunnawa sai BIOS ko babbar manhaja ta sake loda ta. Wasu kariyoyin babbar manhaja na iya yinsu ita kaɗai, kamar raba taswirar nan, da retpoline da Google ya ƙirƙiro don Spectre. Wasu kuwa sai furosesa ta koyi sabon umarni, misali wanke ma'ajiyoyinta kafin ta miƙa aiki ga wani, wanda ake buƙata don ZombieLoad. A Afrilun 2018 Intel ya ce ba zai yi wa wasu tsofaffi sabon maikrokod ba, a cikinsu akwai Penryn da Wolfdale da Yorkfield, wato dangin Core 2. E8400 Wolfdale ce. Sandy Bridge zuwa sama sun samu. Shi ya sa in kika sa Linux a irin Dell ɗinki kika buga lscpu, layin Meltdown zai nuna akwai kariya, layin Mds kuma, wato na dangin ZombieLoad, zai ce an yi ƙoƙarin wankewa amma babu maikrokod.

Naki biyun suna hawa intanet?

Hajiya Asabe: Ɗaya ba ta hawa ko kaɗan. Ɗayar yarinyata kan jona ta da wayarta ta aika takardu.

Malama Dija (Marwa): Wadda ba ta hawa, kada Spectre ya hana ki barci. Kile ɗin, wato filash, da kwastomomi ke kawowa su ne abin tsoronki.

Hajiya Asabe: Wannan kam na sha. Bara wata kile ta mayar mini da duk fayilolin wani mai rubuta kundin digiri gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, yaron har kuka ya yi a shagon.

Kawu Hamadu: Na yi shiru ina karatu tun la'asar, kuran, wato wutar lantarki, ma ya ɗauke ya dawo kuna nan. Ni ban yi jami'a ba, da rediyo na fara, na koma talabijin, yau shekara da shekaru ina buɗe cikin kwamfuta. An bar jaki ana dukan taiki.

Sali, makon jiya aka kawo mini T420 irin taka, mai ita ya ce tsufa ne. Na kwance bayanta, tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya na zaro ƙura dunƙule guda kamar audugar katifa, ja wur, irin ta hunturun nan da ya wuce. Man da ke kan furosesa ya bushe ya zama kamar alli, da farce na kankare shi. Furosesar cikinta in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Yanzu a Garwa inuwa ma ta haura 40, shagonka kwano ne ba silin, injuna tara na hura wa juna wuta. Kai da bakinka ka ce tun da zafi ya kama. Facin nan tun 2018 yake, me ya sa bai dame ka a watan Disamba ba?

Abakar (Kusiri): Kawu ya gama magana.

Kawu Hamadu: Ban gama ba. Na biyu faifai. Faifan da ke juyawa wanda ya shekara goma sha yana aiki, ga kuran na yanke masa numfashi sau uku a yini, da RAM giga biyu, duk shafin da aka buɗe sai inji ya koma faifai yana ajiye kaya yana ɗauka. Ka sa kunne a jikin Dell ɗin za ka ji shi yana ƙurƙur. Ka sa SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ko ƙarama ce, ka cike RAM ya kai huɗu ko takwas, sannan ka zo mu yi maganar facinku.

Umaru (Dang): Kawu ban ƙi taka ba, amma akwai abin da ba a faɗa ba. SSD na sa inji ya riƙa shiga kanel da yawa a daƙiƙa, don haka a kan SSD ne ma nauyin facin ya fi fitowa fili.

Malama Dija (Marwa): A lissafin kashi cikin ɗari, haka ne. Amma wanda ya sauka daga jaki ya hau babur ba zai yi kukan an ɗora masa buhu ɗaya ba.

Umaru (Dang): To a gwada mana. Yaya Sali, ba sai ka canja komai dindindin ba. Ka sa Linux Mint a Dell ɗaya. In menu na GRUB ya fito ka danna e, ka ƙara kalmar a ƙarshen layin linux, ka danna F10. Na wannan tashin ne kawai, in ka sake kunnawa ya koma yadda yake. Ka riƙe agogo ka auna da shi da babu shi.

Abakar (Kusiri): Wannan na yarda. Ka sa mai bit 64, E8400 na ɗauka. Mai bit 32 zamaninsa ya wuce, Debian 13 ma da ya fito a Agustan 2025 ya daina yi masa kanel. Kuma kada wani ya ruɗe ka da Windows 11 ta bayan gida a kan Core 2, daga 24H2 tana neman umarnin da furosesar ba ta da shi, ko tashi ba za ta yi ba. A T420 ɗin kuma ka tabbata fakitin intel-microcode na ciki.

Hajiya Asabe: Shi wancan Downfall da ka ambata fa, ya shafi namu?

Abakar (Kusiri): A'a Hajiya. Umarnin da yake bi ta cikinsa ba a ma ƙirƙiro shi ba lokacin da aka ƙera naku. Tsufa ya yi rana.

Alhaji Ɗanladi: SSD ma akwai.

Abakar (Kusiri): Alhaji!

Sali Mai Sibar (Garwa): Salamu alaikum, na dawo da rahoto, kwana biyu ina fama. Na farko, Abakar, na duba. Uku daga cikin Dell ɗin sabuntawarsu ta ƙarshe Fabrairun 2018 ce. Jikina ya yi sanyi. Na zare musu wayar intanet nan take.

Na je wurin Kawu na aro abin hura iska da man furosesa. Abin da ya fito daga cikin injunan nan, sai da maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo yana tambaya ko gini nake rushewa. T420 ɗin da fankarta ke kuka kamar injin niƙa yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji ta.

Dell ɗaya na sa mata SSD da RAM giga huɗu da Mint. Da can in na kunna ta sai in je in sayo ƙosai in dawo tana kan tashi. Yanzu ban gama goge tebur ba ta shirya. Sannan na yi gwajin Umaru, sau uku da faci, sau uku babu. Wajen buɗe shafin konkur da buga takarda, wallahi ban iya bambancewa ba. Inda na ga bambanci shi ne kwafe wata jaka mai ƙananan hotunan fasfo sama da dubu, nan kam babu facin ya riga gamawa, a fili.

Umaru (Dang): Alhamdu lillahi. Akwai bambanci ke nan. A rubuta.

Sali Mai Sibar (Garwa): An rubuta, ƙanena. Amma ba kwafe hotuna kwastomomi ke biya su yi ba. Waɗanda jama'a ke zama a kai zan bar musu facin. Dell ɗaya zan bar ta da Windows 7 saboda firinta, ba intanet, ita ce zan gwada wa InSpectre ɗinka. Na buɗe shi ma na gani, ya ce Meltdown akwai kariya, Spectre babu, kamar yadda Malama ta faɗa.

Malama Dija (Marwa): Ka gwada firintar a Mint ɗin tukuna, tsofaffi da yawa suna aiki ba tare da an saka komai ba. Kuma ka buɗe wa kwastomomi asusun da ba shi da ikon shugaba, ka hana burawza ajiye kalmar sirri.

Umaru (Dang): Ni dai tawa a kashe za ta zauna.

Abakar (Kusiri): Taka ce. In ka gama karatu aka ba ka sabar mutane, ka kira ni kafin ka taɓa GRUB.

Hajiya Asabe: Malam Sali, SSD ɗin nawa ka saya, kuma wa ya sa maka? Kada in ba yaran kasuwa su goge mini takardun mutane.

Sali Mai Sibar (Garwa): Zan kira ki bayan isha'i, Hajiya. Ki fara kwashe takardun a faifan waje kafin kowa ya taɓa ta.

Kawu Hamadu: Sali, ka aiko yaro da abin hura iskata kafin azahar, injuna huɗu na jirana. Man kuma na ga ka kusa ƙarar da shi, kamar ƙwayar gero ake ɗigawa, ba shafe ba ne.